Ɗan Wasan Baya: Ya Tsaya a Gasar Gida Ko Ya Tafi Ƙaramar Ƙungiya a Turai?

Wannan magana da kai nake yi, kai matashin da ke tsaron baya, wanda shekarunsa suke tsakanin 18 da 21, kuma aka fara ambaton sunansa a bakin fili. Da mahaifinka ko yayanka ma nake, domin a gidajenmu ba yaro kaɗai ke yanke irin wannan shawara ba. Hanya biyu ce a gabanka. Ko ka sa hannu a ƙungiyar gasar Firimiya ta Najeriya ka yi suna a gida tukuna, ko ka bi wakilin da ya ce yana da ƙungiya a rukuni na biyu ko na uku a wata ƙasar Turai. Kowace hanya ta kai wani ɗan arewa har cikin Super Eagles, kuma kowacce ta haɗiye yara da yawa waɗanda ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Kafin a shiga kwatanci, akwai abin da ya bambanta ka da abokinka mai buga gaba, kuma duk shawarar a kansa ta rataya. Ɗan gaba yana da lissafi a hannu. Idan ya ci ƙwallo goma sha biyar a kaka ɗaya, ko wanda bai taɓa kallonsa ba zai ɗaga waya. Kai ba ka da wannan. Mafi kyawun aikinka shi ne wanda ba a gani: ka tsaya inda ya dace tun kafin a bugo ƙwallo, har ɗan gaba ya rasa ta inda zai bi. Ba a naɗar wannan a bidiyon minti uku. Abin da masu neman 'yan wasa ke dubawa a wurin ɗan baya shi ne yawan wasannin da ya buga daga farko har ƙarshe, da irin waɗanda ya tare. Koci kan saka yaro ɗan gaba a minti na 70 ya gwada shi, amma da wuya ya taɓa layin bayansa sai in dole, saboda kuskure ɗaya a can ƙwallo ce a raga. Don haka ɗan baya kodai yana buga minti 90, kodai yana zaune a benci. Kuma shi ɗan baya a hankali yake nuna. Virgil van Dijk ya bi ta Groningen da Celtic da Southampton, sai yana da shekara 26 ya isa Liverpool a Janairun 2018. Thiago Silva ya ɗaga kofin zakarun Turai da Chelsea a 2021 yana da shekara 36. Kana da lokaci fiye da ɗan gaba, amma lokacin ba ya amfanar ka sai a cikin fili.

Mu fara da wanda ya tsaya a gida. Shehu Abdullahi haifaffen Sakkwato ne, a 1993. Ya bi ta Plateau United, sannan ya zo Kano Pillars a daidai zamanin da Sai Masu Gida ke riƙe da gasar ƙasar nan, lokacin da suka ci kofi sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. Daga nan aka kira shi tawagar 'yan ƙasa da shekara 20 da ta je gasar duniya a Turkiyya a 2013. A farkon 2014 marigayi Stephen Keshi ya tafi da shi Afirka ta Kudu gasar 'yan wasan da ke taka leda a gida, wadda Najeriya ta zo ta uku, bayan wasan nan da Maroko ta ci mu uku kafin hutun rabin lokaci muka dawo muka yi nasara da ci 4 da 3. Sai bayan duk wannan ya fita waje, yana da shekara 21. Ya tafi Qadsia ta Kuwait, daga nan União da Madeira ta Fotugal, sai Anorthosis a tsibirin Saifurus, sai Bursaspor ta Turkiyya, sai Omonia inda ya ci gasar Saifurus a 2021, sai Levski Sofia ta Bulgeriya. A tsakani ya samo wa Najeriya tagulla a wasannin Olamfik na Rio a 2016 ƙarƙashin Samson Siasia, kuma shi ya fara wasa a gefen dama na baya ranar da muka kara da Kuroshiya a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha. Daga ƙarshe ya dawo Kano Pillars.

Dubi abin da zaman gida ya ba shi. Ya fita da suna, ba a matsayin yaron da za a gwada ba. Wanda ya buga wa zakarun ƙasa a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata, gaban dubban mutanen da ba sa yafe kuskure, ba zai firgita da ihun 'yan kallo a ko'ina ba. Ya kuma koyi buga gurbi fiye da ɗaya, domin an sha sa shi a tsakiya, an sha mayar da shi baya ta dama, kuma wannan ya tsawaita zamansa a tawagar ƙasa. Amma ka dubi jerin ƙungiyoyin nan da idon basira. Duk ƙungiyoyi ne masu mutunci, sai dai babu ko ɗaya daga manyan gasanni biyar na Turai, wato na Ingila da Sifaniya da Jamus da Italiya da Faransa. Madeira ta faɗi rukuni na biyu a 2016, Bursaspor ma ta faɗi a 2019. Hanyar gida takan kai mutum matakin tsakiya cikin sauri da kwanciyar hankali, amma daga tsakiya zuwa ƙololuwa ƙofar takan yi ƙunci, saboda manyan ƙungiyoyi sun fi son wanda aka horar a tsarin da suka sani tun yana ƙarami. Haka ta faru da Godfrey Oboabona. Yana Sunshine Stars ta Akure ya ci kofin Afirka na 2013, ya tsare bayan Najeriya har wasan ƙarshe da Burkina Faso, aka yi ta raɗe-raɗin manyan ƙungiyoyi, amma inda ya sauka shi ne Rizespor ta Turkiyya.

Yanzu ga ɗaya hanyar. Zaidu Sanusi ɗan Jega ne a jihar Kebbi, an haife shi a 1997. Bai yi suna a gasar Firimiya ta gida ba. Ya tafi Fotugal a 2016, ya fara da Gil Vicente, aka tura shi Mirandela, ƙaramar ƙungiya a rukuni na uku, a wani gari da ke can arewa maso gabashin ƙasar inda sanyin hunturu ke ratsa ƙashi. Yana can har 2019, babu talabijin, babu wanda ya san da shi a Najeriya. Daga nan Santa Clara ta ɗauke shi, ƙungiyar da ke tsibiran Azores a tsakiyar tekun Atalantika. Kaka ɗaya tak ya yi a babban rukuni, Porto ta saye shi a 2020, a shekarar da Alex Telles ya bar ta zuwa Manchester United. A watan Oktoban wannan shekara ya fara buga wa Super Eagles. A 2021 yana cikin waɗanda suka fitar da Juventus ta Cristiano Ronaldo daga gasar zakarun Turai. A ranar 7 ga Mayun 2022, a gidan Benfica, ana dab da tashi, ya taso da gudu tun daga baya ya ci ƙwallo ɗaya tilo da ta ba Porto kofin gasar. Duk wanda ya kalli wannan gudu ya san abin da nake nufi.

Ga kuma Jamilu Collins ɗan Kaduna, wanda labarinsa ya fi nuna wahalar hanyar. Rijeka ta Kuroshiya ce ta ɗauke shi yana matashi, amma shekarunsa a can a aro suka ƙare, daga wannan ƙaramar ƙungiya zuwa waccan. Sai a 2017, yana da shekara 23, ya koma Paderborn da ke rukuni na uku a Jamus. Ƙungiyar ta hau mataki biyu a jere, a 2019 sai ga shi a Bundesliga, har ya ɗaɗa wa Bayern Munich wata ƙwallo daga nesa. Shekara kusan biyar yana yawo kafin ya samu inda aka yarda da shi.

Me ya haɗa Zaidu da Jamilu? Ba sunan ƙungiyar da ta fara ɗaukarsu ba ne ya fitar da su. Gil Vicente ba ta yi amfani da Zaidu ba, Rijeka ma ba ta yi da Jamilu ba. Abin da ya cece su shi ne ƙasƙantar da kai suka sauka inda za a saka su kowane mako. A rukuni na uku na Fotugal ko Jamus, kuɗin kaɗan ne, amma ana koyar da abin da ɗan baya ya fi buƙata: yadda mutum huɗu ke hawa da sauka tamkar an ɗaure su da igiya ɗaya, yadda ake ɗana tarkon satar gida, inda za ka juya ƙirjinka idan za ka karɓi ƙwallo daga gola, lokacin da za ka fita ka tari mutum da lokacin da za ka ja da baya ka ɓata masa lokaci. Ana ɗaukar wasa a bidiyo, a zaunar da kai ranar Litinin a nuna maka inda ka tsaya ba daidai ba. Kuma wasannin suna shiga rumbun da masu neman 'yan wasa ke bincikawa, ta yadda wanda ke ofis a Porto zai iya kallon wasanka goma ba tare da ya tashi daga kujera ba.

A nan ne gasar gida take da rauni, kuma ba na faɗa don raina ta. Ƙungiyoyi 20 ne, wasa 38 a kaka, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da ke neman mintuna. Za ka yi taurin jiki, za ka iya tsalle da kai, za ka san yadda ake riƙe ɗan gaban da ya girme ka da shekara goma kuma ya san duk wata dabarar ƙeta. Za ka san tafiyar mota daga Maiduguri zuwa Fatakwal ka sauka ka buga wasa. Amma inda fili ba shi da laushi, koci ba zai yarda ka tsaya kana raba ƙwallo daga baya ba, zai ce ka kore ta gaba. Ka yi shekara biyar kana korewa, sai hannunka, wato ƙafarka, ta saba da haka. Ranar da ka je gwaji a waje, abu na farko da za a duba shi ne ko za ka iya karɓar ƙwallo ana matsa maka ka miƙa ta ga ɗan tsakiya. Ƙarfi da gudu sun san muna da su. Rashin iya karɓar ƙwallo da miƙa ta ne ke mayar da yaranmu gida.

Saboda haka gurbin da kake bugawa ma yana da ta cewa. Idan lamba biyu ko lamba uku kake, wato gefe, jarinka gudu ne da numfashi, kuma wannan jari a farkon shekaru ashirin yake da tsada. Ba mamaki ba ne da Zaidu da Jamilu duk 'yan gefen hagu ne, haka ma Taye Taiwo da ya bar Lobi Stars zuwa Marseille a 2005 yana matashi. Mai buga ƙafar hagu ko'ina nemansa ake yi. Irin wannan yaro, in ya samu ƙofa ta gaskiya, jinkiri asara ce. Amma idan ɗan tsakiyar baya ne kai, lamba biyar ko shida a bakin 'yan unguwa, aikinka da magana ake yin sa. Kai ke tsara layi, kai ke kiran na gefe ya matso, kai ke faɗa wa gola ya fito. Yaro ɗan shekara 18 da bai iya harshen ƙasar ba, da wuya koci ya damƙa masa wannan. Gare ka, kaka biyu ko uku a gida kana buga kowane wasa sun fi shekara biyu kana kallo daga benci a ƙasar sanyi.

Akwai hanya ta uku, tarko ce da ke shigowa da kamar alheri, wato babbar ƙungiya ta saye ka tun kana ƙarami. Kenneth Omeruo ya sa hannu a Chelsea a 2012. Daga nan aro ne: ADO Den Haag a Holan, Middlesbrough a Ingila, Kasimpasa da Alanyaspor a Turkiyya, Leganes a Sifaniya, wadda ta saye shi a 2019. Shekara bakwai yana ɗan Chelsea a takarda, bai buga mata wasan gasa ko ɗaya ba. Shi ya tsira domin ya buga wasanni a wuraren da aka tura shi, ya kuma ci kofin Afirka yana da shekara 19. Amma kowace kaka sabon koci, sabon abokin tsaron baya, sabon harshe. Ɗan baya da sabo yake ginuwa, sai ya san numfashin wanda ke gefensa. Idan har aka zo maka da irin wannan tayi, tambayi inda za a tura ka da tsawon lokacin, kafin ka tambayi albashi.

To sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke hana iyaye barci. A gida yawancin ƙungiyoyi na gwamnatocin jihohi ne, kuma duk wanda ke bin gasar ya san labarin albashin da ke makalewa watanni, da kuɗin sa hannu da ake biya gutsi-gutsi. Idan aka riƙe maka haƙƙi, a cikin gida za ka bi kadinsa, kuma abin kan ɗauki lokaci. A waje, baƙon ɗan wasa yana da damar kai ƙara gaban kotun wasanni ta FIFA, kuma dokarta ta ce idan ƙungiya ta riƙe albashin wata biyu, ka rubuta mata ka ba ta kwana 15, in ba ta biya ba kana da ikon yanke kwantiragi. Amma wannan kariya ta wanda ke da kwantiragi ce a rubuce, wanda aka yi wa rajista. Wanda ya shiga da bizar yawon buɗe ido, wadda ba ta wuce kwana 90, ya je gwaji, ba shi da komai. A ɗaya ɓangaren kuma, albashin rukuni na uku a Turai, bayan haya da abinci da kayan sanyi, ba lallai ya bar maka abin aikowa gida ba a shekarun farko. Gidan da ya dogara da yaron don cefane ya san da wannan tun kafin a raka shi filin jirgi. A gida kuwa kana kusa da uwa, kana cin tuwon da ka saba, kana azumi cikin jama'a, kuma in ƙwallo ta ƙi, kana iya riƙe karatu ko kasuwa a gefe.

Rauni ma abin lissafi ne, domin ɗan baya da jikinsa yake tare hanya. Jamilu ya tsinke jijiyar gwiwa makonni kaɗan da zuwansa Cardiff City a 2022. Zaidu ma ita ta same shi a Fabrairun 2024, jim kaɗan da dawowa daga wasan ƙarshe na kofin Afirka a Kwaddibuwa. Dukansu an yi musu aiki, an yi jinyarsu watanni ana biyansu, sun dawo fili. Ka tambayi kanka, ka kuma tambayi shugabannin ƙungiyar da za ka sa wa hannu a gida, wa zai ɗauki nauyin irin wannan aiki idan ta faru, kuma a rubuta amsar a cikin kwantiragi. Alƙawarin baki ba ya biyan likita.

Ga inda ni na tsaya. Idan ba ka cika 18 ba, babu ma zaɓi: dokar FIFA ta hana sayar da yaro zuwa wata ƙasa kafin wannan shekara, ban da wasu 'yan keɓantattun dalilai da galibi ba su shafi yaranmu ba, kuma duk wanda ya ce zai zagaye maka ita, kai zai jefa a rami. Idan ka cika, kuma abin da ke hannun wakilin kwantiragi ne na gaske daga ƙungiya mai suna da adireshi, a ƙasar da aka san tana renon 'yan wasa tana sayarwa gaba kamar Fotugal ko Beljiyam ko ƙasashen arewacin Turai, to ka tafi, ko rukuni na uku ne, musamman in ɗan gefe ne kai. Idan kuwa abin da yake da shi takardar gayyatar gwaji ce kawai, kuma yana neman mahaifinka ya sayar da gona ko fili ya biya kuɗin jirgi da biza, ka zauna. Ƙungiyar da ke son ka da gaske ita ke biyan tikiti. A nemi lambar lasisin wakilin, domin FIFA na da jerin sunayen masu lasisi a shafinta na intanet. A rubuta wa ƙungiyar kai tsaye ta adireshin da ke shafinta, a ji ko ta san da zuwanka. A ba lauya takardar ya karanta, ko da da harshen Fotugal aka rubuta ta, a nemo mai fassara.

Idan zaman ne ya fi, shi ma da sharaɗi. Kada ka zaɓi ƙungiya don girman sunanta. Gara ƙaramar ƙungiya ko ma ta rukuni na biyu da za ka buga wasa talatin, da babbar da ke da 'yan baya shida a gabanka. Kada ka sa hannu a kwantiragi mai tsawo sosai, shekara biyu ta isa, kuma a sa adadin kuɗin da za a sake ka idan tayi ya zo daga waje, don kada a riƙe ka da farashin da babu mai biya. Ka samu wanda zai riƙa ɗaukar maka cikakken wasa, ba guntayen wuraren da ka yi bajinta kawai ba. Bayan atisaye ka tsaya rabin awa kana karɓar ƙwallo da ƙafar da ba ka saba da ita ba, kana miƙa ta ƙasa-ƙasa ga ɗan tsakiya. Ka fara koyon Turanci sosai, da ɗan Faransanci ko harshen Fotugal in da hali. Sannan ka sa wa kanka wa'adi: idan ka kai 22 ko 23 kana buga kowane wasa, lokacin fita ya yi, ko Arewacin Afirka, ko ƙasashen Larabawa, ko Turai, kamar yadda Shehu ya fara da Kuwait kafin Fotugal ta buɗe masa ƙofa.